Kofi Takwas na Farfesa Tamaz

A duk faɗin yankinmu na Guriya babu wanda ya san shayi kamar Farfesa Tamaz, shugaban ɗakin binciken ganye na gundumarmu. Shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka, ba sau ɗaya ba. Mata masu tsinkar ganye suna ce masa Buta, saboda tumbi da kuma huci idan ya ɗau zafi.

Shekara ashirin yana kan bincike guda, wai shayin Guriya yana gyara zuciya. Bai taɓa gwadawa a kan ko ɓera ba. Kansa ya gwada, kofi takwas kullum, kuma tsohuwa Tsiyala kaɗai ke dafa masa. Gona kuwa, rabonsa da ita tun ranar da laka ta ɓata masa takalmi.

Sai ga takarda daga Tbilisi, babban birni: za a turo Dakta Eteri ta duba aiki, in babu hujja a karɓe kujera. Farfesa bai yi wasa ba, don kujerar nan ta fi masa 'ya'yansa.

Ya shirya mata liyafa. Ya ɗauko ƙahon da a al'adarmu ake shan giya da shi, ya cika shi da shayi, ya miƙe yana dukan ƙirji.

"Ranki ya daɗe, ga hujja tsaye a gabanki. Da can zuciyata lugude take yi. Yau fa? Kurɓa ɗaya nake in faɗa miki tudun da ganye ya fito, har da sinadaran cikinsa!"

Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce tudun gabas, tsinkar farko. Dakta Eteri ta yaba, ta nemi Tsiyala ta ɗibar mata ganyen a kai awo.

Tsohuwa ta goge hannu a zane. "Wanne, 'yata? Nasa? Ai motsvi ne, ganyen daji, ni ke murza shi. Tun da likita ya hana shi shayi, shekara ashirin ke nan, matarsa ta ce in riƙa ba shi. Yallaɓai Tamaz, ba ta faɗa maka ba?"

Buta ta huce nan take.

Ba a rufe ɗakin binciken ba. Dakta Eteri ta ce a koma binciken motsvi, ta hau kujerar. Farfesa ma ba a kore shi ba, don ba kullum ake samun ɓeran da ya yi shekara ashirin yana sha ba.