Gidan Ciyaman Ba Ɓera

Duk wanda ya zauna a Rukunin Gidajen Tudun Sa'a da ke Lokogoma ya san Allah ya yi wa mazauna wurin ni'ima biyu: rijiyar burtsatse da ba ta ƙafewa, da kuma Alhaji Yamusa. Ita rijiyar takan huta idan an ɗauke wuta. Alhaji Yamusa ba ya hutawa.

Bawan Allah ne da ya yi wa ƙasar nan hidima a wata ma'aikatar tarayya har ya kai matakin da ke dab da na mataimakin darakta. Don tausayin bakin jama'a, ya yarda a taƙaita, a riƙa ce masa Darakta kawai. Da ya yi ritaya sai ya ga zunubi ne a bar irin wannan basira a gida tana kallon talabijin, don haka ya sadaukar da ita ga ƙungiyar masu gidaje, ya zama ciyaman. Shi ya hana shanya a kan katanga. Shi ya hana daka bayan la'asar. Shi ya hana kiwon kyanwa, domin a cewarsa kyanwa dabbar ƙauye ce, Abuja kuwa ba ƙauye ba ce. Masu gadi sun raɗa masa suna Garkuwan Ƙofar Shiga. Da labarin ya iske shi bai ga zolaya a ciki ba, ya dai ce sarautar ta ɗan yi masa kaɗan.

Gidansa kuwa makaranta ce ga mai son koyon zaman birni. Abin alfaharinsa shi ne silin ɗin falo, irin na farin siminti da ake ce wa fi-o-fi, hawa-hawa kamar kek ɗin biki, da fitilu masu sauya launi. Shi da kansa ya je Dei-Dei ya zaɓo kayan. Lokacin aikin an so a bar 'yar ƙofa a wani lungu don shiga cikin rufi idan buƙata ta taso, ya ce atafau, wa ya taɓa ganin ƙofa a sararin samaniya? Aka liƙe ko'ina ruf. Baƙo ba ya fita gidan sai ya ɗaga kai ya yaba, in ya manta a tuna masa.

Da damina ta sauka, aka share dajin da ke bayan rukunin za a yi sabon gini. Mazauna dajin suka rasa matsuguni, suka yi abin da kowa ke yi a Abuja, wato suka nemi unguwa mai kyau suka tare. Gida-gida aka fara kuka da ɓeraye. Wannan an huda masa buhun shinkafa, wancan an cinye masa wayar mota.

Ciyaman bai ɓata lokaci wajen bincike ba, domin mai basira ba ya buƙatarsa. Ya tsaya a bakin masallaci ya yi bayani, sannan ya tsaya a bakin ƙofar shiga ya maimaita don amfanin waɗanda ba sa zuwa masallaci.

"Ɓera dabba ce mai sanin darajar mutane," in ji shi. "Ba ya shiga gida sai ya ga alamar sakaci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni gidana ko jaɓa ba ta san lambarsa ba. Hedkwatar ɓerayen nan tana gida mai lamba tara, inda aka mayar da babban birnin tarayya akurkin kaji."

Gida mai lamba tara na Madam Lucia ne, wata tsohuwar nas 'yar Kagoro, wadda ke kiwon kaji a bayan gida tana sayar da ƙwai. Ciyaman ya sanar cewa a babban taron shekara, ranar da za a sake zaɓen shugabanni, za a kaɗa ƙuri'ar kwashe kajin. Kuma a falonsa za a yi taron, don jama'a su gane wa idonsu yadda gidan da ba ɓera yake. A kan wannan magana ya ɗora takararsa gaba ɗaya. Laifi tudu ne, an ce, taka naka ka hango na wani.

A cikin gida kuwa, matarsa Hajiya Lantana tana tattara shaidu. Ta nuna masa sabulun wanka da aka yi wa zanen haƙora. Ya ce sabulun zamani ne, ba shi da ƙwari. Ta nuna masa hularsa zanna ta zuwa taro da aka buɗe wa taga a tsakiya. Ya ce asu ne. Da rana tsaka, suna zaune a falo, sai aka ji gudu a cikin silin daga gabas zuwa yamma, aka dawo, aka sake komawa. Ya ce ƙarfen rufi ne ke miƙa saboda zafi. Hajiya ta ce lallai ƙarfen nan ya iya tsere, kuma da alama ya hayayyafa.

Bai karɓi gaskiya ba sai ranar da ya yi ido biyu da ita a ɗakin girki, tana zaune a kan murfin tukunya tana goge gashin baki. Ya ɗauki sandarsa ta girma ya bi ta, tayil ya kwashe shi, babban yatsan ƙafarsa ya gaisa da ƙafar firji. Ɓeran ya wuce abinsa ba gaggawa. Ciyaman ya naɗe yatsa da bandeji, ya rufe da safa, ya soma ɗingishi, wanda ya mayar da shi wani salon takun ƙasaita.

Hajiya ta kawo shawarar tarko, ko takardar gam irin wadda ake shimfiɗawa a bayan kabad. Ya dube ta da tausayin da masana ke yi wa jahilai. Tarko yana haifar da gawa. Gawa tana shiga kwandon shara. Shara tana bi ta hannun 'yan bola, 'yan bola kuma suna hira da masu gadi, masu gadi kuwa su ne gidan rediyon rukunin. Kyanwa ba ta shigo lissafi ba, tunda shi ya kore ta. Shagon bakin titi ma ba ya sayuwa, don mai shagon yana da ƙuri'a.

Sai ya sa baƙin tabarau, ya tuƙa mota da kansa har wata kasuwa a can ƙarshen gari inda ba a san shi ba, ya ce wani abokinsa manomi ne ya aiko shi neman maganin ɓera. Aka ba shi wani mai launin shuɗi, aka yi masa bayanin cewa wannan ba ya kashewa nan take. Ɓera zai ci, ya lashe baki, ya koma gidansa, can zai mutu.

A nan ne basirar Darakta ta yi tsalle. Ya koma gidansa? Ai ya san gidan. Ya sha faɗa a bainar jama'a, har shi ma ya yarda. Ya hango gawawwaki jere a bayan akurkin Madam Lucia ranar taro, hujja a fili, ba sai an yi dogon jawabi ba, ko da yake zai yi. Ya sayi leda biyu. Ya barbaɗa a bayan firji, da ƙarƙashin kujeru, da bayan labule, yana murmushin janar da ya ci yaƙi tun kafin a fita.

Ɓerayen suka ci. Suka kuma bi bayanin mai maganin sau da ƙafa, kowa ya koma gidansa. Gudun silin ya tsaya cak.

Ciyaman ya ce wa Hajiya ta gani, ƙarfen ya huce. Bayan 'yan kwanaki sai wani abu ya soma saukowa daga cikin fitilu masu sauya launi. Da fari kamar an manta kifi a mota. Daga baya kamar an manta motar a cikin kifi. Taro kuwa ya matso, saura a ce gobe.

Hajiya Lantana ta ce a fasa silin. Fasa silin na nufin leburori, da tsani, da buhunan da za a fita da su ta gaban masu gadi. Ta ce to a ɗage taron, ko a kai shi wani gida. Ya ce shugaba ba ya ja da baya. Ya sa aka kunna turaren wuta kasko huɗu, aka fesa humrar Hajiya da ta ɓoye don biki, aka rufe tagogi gam kada maƙwabta su shaƙa, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa juya iskar. Abin da ya fito daga wannan haɗi, gawa ce da aka yi wa kwalliyar aure.

Ranar Asabar bayan la'asar jama'a suka hallara. Kowa ya cire takalmi a ƙofa, ya shigo da sallama ko da gaisuwar yamma, ya ja numfashi ɗaya, sannan ya yi nadamarsa. Ba wanda ya ce uffan. Ba a shiga gidan mutum a ce masa gidansa na wari, balle gidan ciyaman. Shi kuwa ya kafa babbar kujerarsa a tsakiyar falo, daidai ƙarƙashin hawan silin mafi kyau, wato daidai inda mafi yawan mamatan suka zaɓi su kwanta. Ya miƙe ƙafarsa mai safa a kan matashi. Duk wanda ya matso gaisuwa sai ya ji abin na ƙaruwa, ya gaisa a gurguje, ya ja da baya har bango. Ciyaman ya lura da haka, ya ji daɗi. Ashe dai kwarjini bai ƙare ba.

Ya tashi ya yi jawabi a kan tsabta.

"Tsabta ba a koyonta da girma, gado ce. Ku dubi gidan nan. Ku shaƙi iskar gidan nan. Wannan ita ce Abujar da iyayenmu suka yi mafarki."

Mutane suka fito da hankici suka rufe fuska. Idanun Mista Dominic, mataimakin ciyaman, suka kawo ruwa. Alhaji Yamusa ya ga jawabinsa ya taɓa zukata, ya ƙara masa tsawo.

Da ya gama, aka ba Madam Lucia dama ta kare kajinta. Ta miƙe, ta tako har gaban kujerarsa, abin da ba wanda ya yi ƙarfin halin yi. Ba ta dubi silin ba. Ƙafarsa ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Oga Ciyaman, maganar kaza bari ya jira," ta ce a hankali. "Yaushe rabonka da auna suga? Ni na tsufa a asibiti, na san wannan wari. Ƙafa ne. In ba a kula ba, yankewa za a yi."

Sai ga shi kowa na gyaɗa kai, don yanzu komai ya fito fili: ɗingishin, da safar, da turaren. Hajiya Lantana, da ke tsaye a bakin ƙofar ɗakin girki, ta buɗe baki za ta yi magana. Ya aika mata da kallo ɗaya, ta rufe.

Alhaji Yamusa ya auna al'amarin da ma'aunin da ya saba. Kalma ɗaya ce za ta ceci kujerarsa daga zargin rashin lafiya, kuma kalmar ita ce ɓera. Amma ɓera na talaka ne. Ciwon suga kuwa, kowa ya sani, na manya ne, har daraktoci na gaske suna fama da shi. Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya, wadda ta kusa shaƙe shi.

"Ban so a sani ba," in ji shi. "Shugaba ba ya kuka da ciwonsa a gaban jama'arsa."

Aka yi ta Allah ya ba da lafiya, aka yi ta sannu oga. Mista Dominic, yana magana ta cikin hankici, ya ce rashin imani ne a ci gaba da ɗora wa mutum mai irin wannan lalura nauyin jama'a, ya kawo shawarar a sauke masa ya huta. Hannuwan da ba sa riƙe da hanci suka tashi gaba ɗaya. Aka naɗa Dominic. Maganar kaji aka ce a jingine, tunda mai ƙarar ba shi da lafiya. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa rufe taro da sauri haka ba, har wasu sai a waje suka tuna ba a yi addu'a ba.

Wanda ya ce ba shi da lafiya dole ya kwanta. Aka shimfiɗa wa tsohon ciyaman katifa a ɗakin baƙi, aka shiga zuwa dubiya. Madam Lucia ta ɗauki jinyar a matsayin aikinta. Ta hana shi shinkafa, ta hana shi shayi mai madara, ta hana shi tsire, ta ce sai acca da ganye. Hajiya Lantana ta zartar da dokar nan da tsananin da ba a taɓa ganin ta yi wa wata doka ba. Ƙafar dai bai bari an buɗe ba, ya ce babban likitansa ya hana kowa taɓawa. Sannu a hankali warin ya soma raguwa, rukuni ya yi ta murna magani na aiki. A wannan tsakanin ne kuma dangin mamatan suka iso daga ƙauye zaman makoki, suka ga wuri ya yi musu, suka zauna.

Wata ranar Lahadi, daga coci, Madam Lucia ta biyo da kwandon gauta da kokwamba da ta sa aka sayo daga Zuba, ta ajiye masa a gefen katifa. Washegari da hantsi ta dawo duba shi. Ta leƙa kwandon. Babu gauta ɗaya da ba a taɓa ba. Kowane an ɗan gutsure shi a gefe, an bar saura.

"Mun gode Allah, oga ya fara cin abinci," ta ce wa Hajiya. Sannan ta juyo gare shi. "Amma oga, ka riƙa gama ɗaya kafin ka ciji wani."

Alhaji Yamusa ya dubi kwandon. Ya miƙa hannu ya ɗauki gauta ɗaya, ya juya ɓangaren da ba a taɓa ba, ya kai baki.

"Haka likita ya ce," in ji shi. "Kaɗan-kaɗan."