Ƙasar Farwayim

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da ruwa ya ci Jidda ne, bayan rasuwar maigidana, kafin a rushe tsohuwar unguwarmu. A lokacin duk unguwar tamu ta Kurayyat, can Jidda, ba mai ɗauko labarin annabawa ban ƙarasa masa ba. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma "ban sani ba" ba ta taɓa fita daga bakina ba.

Akwai Saratu, Kirista 'yar wajen Jos, tana aikatau a unguwar Safa, takan zo cin tuwo wurina ranar hutunta. Rannan ta shigo ido jajur: mahaifinta ya rasu, kafili, wato ubangidan da ya ɗauko ta aiki, ya hana ta tafiya. Ta ce tsohon yakan karanta musu a littafinsu cewa zinariyar da Annabi Sulaimanu ya ƙawata ɗakin ibada na Ƙudus da ita daga Farwayim ta zo, kuma ya ji an ce a ƙasar Larabawa take. Da za ta taho ya roƙe ta ƙasar wurin, ko da cikin tafin hannu ce. Yanzu so take ta aika a zuba a kabarinsa.

"Farwayim? Ai Tudun Zinariya ke nan," in ji ni (ranar na fara jin sunan). "Kan hanyar garin Laith yake."

Juma'a da la'asar surukina Idi ya ɗauke mu a motarsa. Muka wuce unguwar Masana'antu, yana "Inna, ina ne?" ina cewa gaba. Da na hango wani tudu na ce halas, shi ke nan, nan ne. Muka sauka. Ashe jujin tsofaffin tayoyi ne, karnuka kwance a gindinsa.

Idi ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saratu ta durƙusa, ta ɗebi yashi ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Mama, fastonmu ya ce ko manyan malamai ba su san inda take ba, balle ma'anar sunan. Tun a gida na sani. Ɗan rakiya kawai nake nema."

Muka kamo hanyar gida. Sai da furfura ta cika kaina na koyi cewa Allahu a'alamu.

Idi ya riga mu gidan gaskiya. Cikin waɗanda suka shiga motar nan saura ni da Saratu. Ta koma Jos, kuma duk sallah in ta kira sai ta ce, "Mama, ya Tudun Zinariya?"