Barewar Jatau Mai Gemu

Tabawa ba ta manta ranar da ta fara ganin Jatau ba. A bakin rijiya ne. Baƙo ne, ya sauka gidan gwaggonsa, yana yawo da kwari da baka. Ya roƙi ruwa, kafin ya shanye ƙwaryar ya kashe zaki biyu da baki. Ta san ƙarya yake yi, amma muryar ta yi mata daɗi.

A wancan zamani akwai Kurmin Sarki a gabashin gari. Ba a farauta a ciki, ba a saran ko reshe. Wanda aka kama, a karya bakansa ranar kasuwa, a kore shi daga ƙasar.

Ran nan Jatau ya zo zance da cinyar nama a ganye. Wani tsoho na zaure yana tufkar igiya. Jatau ya gaishe shi sama-sama, ya ɗaga murya.

"Tabawa, ga barewa. Daga tsakiyar Kurmin Sarki, da rana tsaka. Kibiya ɗaya, ta faɗi rim."

Tabawa ta ce, "Sarkin Dawa mai tsaron wurin fa?"

"Wannan? In ya hango ni, hanya yake canzawa."

Tabawa ta sunkuyar da kai. "Ga shi nan. Babana ne."

Tsoho bai daina tufka ba. "Sannu da aiki, samari. Ajiye bakan nan. Ka yi sa'a, gobe ce kasuwa."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba barewa ba ce sosai."

"Da bakinka ka faɗa. A al'adarmu fata ce shaida. Je ka kawo."

Jatau ya zuba da gudu. Can sai ga shi da fata, ga gwaggonsa a baya da taɓarya, tun safe take cigiyar bunsurunta.

Tsoho ya shimfiɗa fatar, ya juya ta a natse.

"Na tsufa a kurmin nan, ban taɓa ganin barewa da gemu ba. Ba ka da laifi a wurin Sarki. Tsakaninka da gwaggonka kuwa, ba ruwana."

 Tabawa ta dubi Jatau, ya raɓe a bayan ƙyaure, gumi shar-shar.

"Baba," ta ce, "shi zan aura. Na yi maka alkawari barewar Sarki za ta kwana lafiya. Awakin unguwa kuwa, ni zan riƙa ɗaure su da kaina."