Ƙiftawar Fitila a Tsohuwar Marina

Ba zan taɓa mantawa da abin da wata 'yar fitila ta yi mini a gaban dattawan garinmu ba. Girmanta bai kai na ƙwayar wake ba, amma har yau idan na tuna ta sai na ji kamar in tsaga ƙasa in shige.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can wajen Kunci, kuma a lokacin bakina ya fi aikina yawa. Duk majalisar da aka ambaci aljani, sai in gyara zama in fara bayani. (Akwai waɗanda suka daina zama a majalisarmu saboda ni, ni kuwa na ɗauka hujja ce ta kore su.) A shekarar, ɗalibai sun yi mana yawa, har wani aji a gindin darbejiya yake zama, hadari yana tasowa a tashi. Hukuma ta ce za ta gina mana sababbin azuzuwa idan gari ya ba da fili. To, ina filin? A yankinmu mutum har gefen hanya yake shuka kuɓewa, gona tana ƙarewa wata ta ɗauka. Wuri ɗaya ne tak ba a taɓa sa masa fartanya ba, shi ne tsohuwar marina.

Marinar tana bayan gari, a kan hanyar da ke gangarawa kogin Watari. Kakanninmu sun yi rini a wurin kafin a watsar da shi. Ramukan suna nan, wasu sun cike da ƙasa, wasu suna riƙe da wani baƙin ruwa da ko akuya ba ta sha. Ana cewa wani marini ya taɓa faɗawa ramin baban rini da tsakar rana, ba a gano shi ba sai da aka kwashe ruwan, kuma wai tun daga nan idan rana ta take ana jin bugun kaya a wurin, alhali babu mai bugu.

Ni na miƙe a gaban dagaci na ce, “Ranka ya daɗe, babu komai a wurin nan sai ciyawa da tsoron mutane.” Na ƙara da cewa daga ranar, ta nan zan riƙa dawowa daga makaranta, kowa ya gani. Dagaci ya ce to, idan hankalin iyayen yara ya kwanta, fili ya zama na makaranta.

A lokacin ban daɗe da sayen sabon mashin ba, irin na zamanin nan da ba shi da kafireto, injekta ce take ba injin mai. Ranar da na kawo shi gida, na nuna wa Inna, mahaifiyata, yadda ake buɗe sit da makulli, ina ta fankama. Ta ce in bar mata makullin ta tofa masa addu'a. Na miƙa mata ina dariya, na shige wanka.

Ranar farko da na bi ta marina, damina ta yi nisa, gero ya fi tsawon mutum, hanyar ta zama siririya kamar lungu. An kusa azahar, kowa ya bar gona. Ina shiga filin, inda ƙasar ta yi tudu-tudu saboda tokar rinin da aka daɗe ana zubarwa, sai mashin ya yi wani tari. Na duba mita, sai ga 'yar fitila ruwan ɗorawa, wadda ban taɓa lura da ita ba, tana ƙiftawa. Ta yi dogo, ta yi gajeru, ta tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta sake. Ina fita daga filin ta mutu. Na ce a raina sabon abu ne, haka yake yi.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Ba ta kamawa a hanyar kasuwa, ba ta kamawa a ƙofar makaranta, sai a marina. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Wata rana kuwa mashin ya mutu gaba ɗaya a tsakiyar wurin, dab da wani rami. Injin yana yin shiru na ji wurin ya yi tsit, ko kukan tsuntsu babu, ganyen gero ma ba ya motsi. Sai na ji shi. Tim. Tim. Daga nesa kamar daga ƙarƙashin ƙasa, a hankali, irin na wanda ba ya sauri. Fitilar tana ƙiftawa, bugun yana amsawa, ko dai haka kunnena ya ji. Ni da nake koya wa yara yadda sauti yake tafiya a iska, na kama ƙahon mashin na tura da gudu, ban tsaya ba sai a bakin gari, takalmi ƙafa ɗaya. (Ɗayar tana can har yau, ban koma nema ba.)

Ranar kasuwa na kai mashin Kunci wajen makanike. Ya leƙa nan, ya leƙa can, yana neman kafireto bai gani ba. Ya tayar da shi, ya murɗa totur, fitila ko alamar kamawa ba ta yi ba. Ya goge hannu ya ce, “Malam, mashin ɗinka lafiyarsa ƙalau, sai dai ko hanyar da kake bi ce.” Na san ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta bi ni har gida, ta hana ni cin tuwo.

Yanzu ga inda kunyar ta fara. Na tafi wani ƙauye inda ba a san ni sosai ba, na sa wani malami ya rubuta mini laya. Ɗinki kuwa, baduku ɗaya ne a yankin, Baba Sale, dattijon da ke zama a fadar dagaci. Na kai masa na ce ta yaron wani abokina ce, yana firgita a barci. Baba Sale ya tausaya wa yaron ƙwarai, har ya zaɓo jar fata mai kyau, ya ce a gaishe da uban. Na dawo gida, na faki ido, na ɗaga sit, na cusa ta can wajen batir ba tare da na tsaya dubawa ba.

Maimakon sauƙi, sai abin ya ƙaru. Yanzu tun kafin in kai marina fitilar take fara ƙiftawa, wani lokaci har a ƙofar gidana. Na ce shi ke nan, na tsokano aljanun marina, sun biyo ni. Na rame. Amma a majalisa bakina bai mutu ba, ina nan ina cewa kullum ta can nake bi, kun ga wani abu ya same ni?

Ranar da injiniya ya zo daga hedikwata don auna fili, ni da kaina na zaɓi tsakar rana, wai don a kashe maganar gaba ɗaya. Dagaci ya zo, liman ya zo, iyayen yara sun tsaya daga gefe-gefe, Baba Sale yana cikinsu da sandarsa. Na taho a kan mashin da farar shadda, ina so in ratsa filin a gabansu in tsaya a bakin ramin da ake tsoro. Ina kaiwa tsakiya mashin ya yi tari ya mutu. Fitilar ta fara. Dogo, gajeru, shiru. Waɗanda ke kusa suka gani, maganar ta zagaya a hankali, na ji wani yana karanta a'uziyya, dattawa suka fara ja da baya. Ni kuwa ina zaune a kai, na kasa sauka.

Injiniyan, wani mutum mai sanyin magana, ya matso ya tsuguna yana kallon fitilar. Ya ce shi ma irin mashin ɗin yake hawa, kuma ƙiftawar nan ba haka kawai take yi ba, da ita injin yake faɗin inda matsala take, kowace matsala da irin tata ƙiftawar. Wannan, in ji shi, tana nuna wata waya ce ta saki a wajen injekta, kuma gargadar wurin ce take girgiza ta. Ya ce in buɗe sit. Na ce ai ba sai an buɗe ba, a ci gaba da awo. Ya riga ya zare makullin.

Ya zura hannu ya lalubo, ya fito da wata tsohuwar laya, baƙa, ta sha hannu. Na gane ta nan take, ita ce Inna take rataya mini ina yaro. Na ƙyalƙyale da dariya, na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, “Kun gani ko? Aikin Inna ne, kun san halin tsofaffi. Irin abin da nake ta faɗa muku ke nan.” Mutane suka yi dariya, wasu har suka matso. Injiniya ya nuna yadda layar ta tokare soket ɗin wayar har ya yi sako-sako. Na ga fili ya dawo hannuna.

Sai injiniya ya ce, “Tsaya, akwai wata, ita ce ma ta ƙarasa ture soket ɗin.”

Ya ɗago ta sama. Ja wur, sabuwa fil, tana ƙamshin fata. Baba Sale ya dogara sandarsa ya matso, ya karɓa, ya juya ta yana duba ɗinkinsa. Ya dubi mashin, ya dube ni, babu ko murmushi a fuskarsa, ya ce, “Malam, ashe wannan ne yaron abokin naka?”

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ana dariya ba. Na dai san liman ya juya baya yana tari, kuma ni na ƙura wa tayar gaba ido kamar ita za ta cece ni. Injiniya ya danna soket ɗin ya shiga, ya taɓa sitata, mashin ya tashi, fitila ta mutu.

Da dariya ta lafa, dagaci ya ce, “Malam, waya dai ta gyaru, mun gani. Amma kai da ka ce babu komai a nan, da laya kake shigowa. Su yaran da me za su shigo?” Iyaye suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, injiniya ya naɗe igiyar awonsa bai auna komai ba.

A ƙauyen da ke gaba da mu aka gina azuzuwan. Kullum da safe ina wuce yaranmu a hanya suna tafe a ƙasa, ranar ruwa da leda a ka, suna gaishe ni, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Abin da na koya shi ne, idan fitila ta kama, mutum ya ɗaga sit ya duba tukuna kafin ya nemi baduku, kuma wanda yake jin tsoro gara ya faɗa da bakinsa tun kafin a zaro masa shi a gaban jama'a.

Fitilar ba ta sake kamawa ba. Bugun kuwa, matata ta ce daka ne daga gidajen tsallaken gona, ni ma na yarda da ita. Ta hanyar kasuwa nake zagayawa yanzu, kuma duk wanda ya tambaya sai in ce masa hanyar marina tana cin taya.