Mai Zakara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan 'yata ta fari, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ina mushe a lekol, wato makarantar boko, ta Madarumfa (mushe mai koyar da yara nake nufi, ba wanda ungulu ke sauka a kansa ba, amma a ranar nan bambancinmu kaɗan ne). Matata Hadiza ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Sarkin Yamma. Can ta sauka lafiya, can kuma za a yi suna.

Ina da wata tsohuwar mobilet, ɗan ƙaramin babur, da na saya hannun wani ɗan kasuwar gyaɗa. Tana tafiya, ba laifi, sai dai gardabun baya, wato ƙarfen nan da ke rufe taya ya tare taɓo, tsatsa ta cinye shi har ya faɗi a hanya ban ma ji faɗuwarsa ba. Ga damina ta zauna. Duk inda na nufa sai in isa da layin laka tun daga ƙugu har ƙeya. Ni kuwa na ɗinka farar riga musamman don suna, na rantse surukaina ba za su gan ni da wannan layin ba. Sabon gardabu sai Maraɗi, dala ɗari biyu, alhali rago da goro sun riga sun yashe aljihuna.

Ana jibi suna, wani mai sarin kifi ɗan garinsu ya tsaya ƙofar lekol, ko sauka daga kekensa bai yi ba, ya ce, "Mushe, Inna ta ce in hwaɗa maka, kada ka kuskura ka taho ba da Mai Zakara ba." Inna ita ce surukata. Na ce to. Kunnena ya ɗauki "zakara", ya yar da "mai". Tambaya kuwa ban yi ba, don ni ɗan boko ne, ina ni ina neman ƙarin bayani wajen mai kifi? Na dai yi ta gunaguni a zuci, bayan rago kuma har da zakara, sannan na je na sayo wani ja, ƙato.

Washegari na shiga farautar ƙarfe a cikin gida. Gwangwanin kananzir ya yi laushi. Can ƙarƙashin gadon Hadiza na laluɓo wani babban tsohon faranti, bakinsa duk ya ɓaɓɓare, an naɗe shi cikin zane. (Wanda ya ga abu a naɗe cikin zane ya ce yasasshe ne, ai shi ne yasasshen.) A tsakiyarsa akwai hoton jan zakara cikin furanni. Na dube shi, ya dube ni. Ɗan'uwansa mai rai yana ɗaure a tsakar gida yana cara, amma kan nan nawa da ke koya wa yara lissafi bai iya haɗa ɗaya da ɗaya ba.

Na aro almakashi wajen mai gyaran fitila, na raba farantin biyu. Na kwantar da turmi, na lanƙwasa rabin a kansa da guduma, fenti na ta tartsatsi. Na huda da ƙusa, na ɗaure da waya. Kan zakaran ya zauna daidai saman taya, yana kallon baya. Rabin mai wutsiya na mayar ƙarƙashin gado. Wallahi har na ja da baya na yaba wa kaina.

Ranar suna da sassafe na isa Sarkin Yamma, rigata fes, zakara ɗaure a bayana. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida. Da yake suruka ba ta magana da mijin ɗiyarta kai tsaye, sai ƙanwarta Gwaggo Tabawa ta fito.

"Mushe, ina Mai Zakara? Liman na jiran goro."

Na kwance zakaran, na durƙusa, na miƙa mata da hannu biyu.

"Mi za mu yi da wanga? Hwaranti anka ce! Hwarantin uwarmu, wanda akan hidda goron sunan ɗan hwari a ciki!"

Ba ta rufe baki ba idonta ya sauka a bayan mobilet. Ta sunkuya. Ta sa yatsa ta share taɓo, sai ga idon zakara ya bayyana. Salatin da ta saki har na cikin gida sun ji. Nan take na gane kome. Ashe a farantin nan aka fitar da goron sunan Inna, a cikinsa aka fitar da na Hadiza, yau kuma ranar ta uku ce. Ni kuma na jawo shi tun daga Madarumfa yana tare mini kashin shanu.

Inna ta fito bakin zaure, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ina durƙushe, zakara na mutsu-mutsu a hannuna, ina roƙon Allah ta zage ni. Da zagi ne ai da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon ƙarfen, ta shafa shi kamar mai shafa kan maraya. Sannan ta juya wajen ƙanwarta, ba wajena ba.

"Bar shi, Tabawa. An ce shi kawo, ya kawo. Ɗauko hwaihwai."

A faifai aka raba goron sunan 'yata. Ko sunan da liman ya raɗa ban ji ba, abin da na ji kawai kukan Hadiza ne daga ɗaka. Aka yanka zakaran aka aiko mini da cinya, na ture ta gefe. Da na bar gari na tsaya gindin wani gawo na kwance gardabun, na cusa shi cikin riga. Na isa gida da layin laka har ƙeya.

Daga baya na sayi sababbin farantai uku a Maraɗi na aika. Inna ta aiko da godiya, ta rabar da su ga maƙwabta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan shirun nata har yau bai bar ni ba.

Shekaru suka ja, 'yar tawa ita ma ta yi haihuwar fari. Ranar suna Hadiza ta fito da rabin faranti mai wutsiya, wanda ban san ta adana ba, cike da goro. Ta ɗora mini a hannu gaban jama'a ta ce, "Malam, kai ka raba shi, kai za ka rabar."

Na raba, kaina a ƙasa. An ce tambaya rabin ilimi ce. Ni da na raina ta, ga shi an bar ni da rabin faranti.