Ranar da Na Ɓalle da Manhajar Rijiyoyi

A shekarun da aka yi fari muna da manhajar da ke nuna rijiyoyin Mirriya masu sauran ruwa. Buɗaɗɗiya ce: kowa na iya kwafarta ya kama hanyarsa, ta asali tana nan yadda take. Da shugabarmu Hajiya Falmata ta ƙi gyaran da na so a yi wa manhajar, sai na kwafa, na laƙaba mata sunana, na sanar a biro, wato ofishinmu, cewa mai hankali ya biyo ni.

Ba wanda ya ɗago kai.

Na manta cewa ta asali ce masu auna ruwa ke aika wa rahoto. Tawa ta ci gaba da nuna busassun rijiyoyi a cike. Kawuna kaɗai ya yarda da ita, ya kora shanunsa har rijiyar Hamdara a banza.

Har yau in na gaishe shi sai ya ce, "Injiniya, yau ma rijiyarka a cike take?"