Kamu Huɗu da Ɗani Ɗaya

"Ya gajiyar hanya kuma? Wa ka bar wa shanun ubanka, ka shigo mana gari da takalman roba?"

"Gajiya ta bi lafiya. Shanu suna gaishe ka. Sun ce in tambaya ko har yanzu sai ka taka turmi kake rataye rigarka."

Da wannan gaisuwa Malam Dabo ya tarbi Ikrima a ƙofar garejinsa da ke Birnin Kudu, wata Laraba bayan sallar Azahar, ina zaune a gefe bisa benci kamar yadda na saba a matsayin maƙwabci. Su biyun taubasai ne. Mahaifiyar Ikrima ƙanwar mahaifin Dabo ce, aka kai ta aure Fagam ta ƙasar Gwaram, gidan masu shanu. Ikrima ya ɗauko tsawon dangin ubansa, har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar zaure. Dabo kuwa Allah ya halicce shi gajere, kakkaura. Kowannensu ya haura sittin, kuma a iya sanina ba su taɓa gaisawa irin gaisuwar mutane ba.

Garejin an gina shi ne domin mota, amma Allah bai nufi motar da zuwa ba. Da Dabo ya yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare, sai ya sayi ƙaramin injin walda da zarto da guduma, ya mai da wurin ɗakin aikinsa. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, sha'awa ce. Ya ƙera kejin zomaye, ya ƙera murhun gawayi, ya ƙera bencin da nake zaune a kai, wanda ƙafarsa ɗaya sai an tokare ta da dutse.

Abin da ya kawo Ikrima ranar nan makara ce. Ta masallacin unguwarsu ta gwangwala ce, ta tsufa, har a jana'izar da ta gabata sai da aka tsaya a hanyar maƙabarta aka ɗaure ta da igiya. Ikrima ya miƙe gaban jama'a ya ce shi zai kawo ta ƙarfe sadaka, kuma ɗan kawunsa na Birnin Kudu ne zai ƙera. Dalilin gaggawarsa ba ɓoyayye ba ne. Wata biyar ke nan yana zaryar asibiti saboda ciwon hanta, kuma a safiyar nan likita ya ƙara masa magani, ya ce ya koma gida ya huta, bai sa masa ranar dawowa ba. A tsaye ya gaya mana wannan, da muryar mai ba da labarin kasuwa. Sannan ya ce yana son ya ga makarar jingine a masallacinsu da idonsa kafin Juma'a, kuma Yunusa direba, wanda zai ɗora ta bisa bas ɗin Gwaram, zai bar tasha da an idar da La'asar.

Dabo ya juya ya yaye tamfol daga kan aikinsa. Haƙiƙa ya yi ƙoƙari: ya shafa mata koren fenti, ya yi mata mariƙa huɗu, ya goge kowane gurbin walda har ba ya kama yatsa.

"Wannan ce?" in ji Ikrima. "Na zaci ragar gasa kifi ce."

"Mutanen da suke ɗaure gawa da igiyar jaki yau sun sami bakin zaɓe."

"Ina dai tambaya ne, bawana. Ta mutane ce ko ta zomayenka?"

"Wa kake kira bawa? Ɗan mace? Da ƙwarya ɗaya muka ba da uwarka, har yau ba ku dawo mana da ƙwaryar ba."

"Mun ajiye ta, a ciki za mu yi maka wanka. Za ta ishe ka har da juyi."

Ikrima ya ce shi ba ya karɓar kaya sai ya gwada, ko tunkiya sai ya duba haƙoranta. Ya tuɓe takalmansa, ya ajiye hularsa a kan injin walda, ya yi bismilla ya miƙe a cikin makarar. Kansa ya taɓa ƙarfen sama, ƙafafunsa kuwa suka haye na ƙasa, suka yi waje tun daga saman idon sawu. Ya kaɗa yatsun ƙafarsa yana kallon rufi, ya tambayi Dabo ko ragowar jikin nasa a bas na gaba za a aiko da shi.

Dabo ya ɗauko littafin da yake rubuta awon ayyukansa, ya buɗe, ya karanta da muryar hedimasta: kamu huɗu da ɗani ɗaya, ranar kaza ga wata, ta waya, daga bakin Ikrima na Fagam. Ya ce bai ƙara ba, bai rage ba. Sau uku ya auna, sannan ya ɗauki tsawon da tef ya mai da shi kan kowane ƙarfe, don kada a sami kuskure ko na gashi ɗaya. Shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi, in ji shi, ba makiyayi ne zai gyara masa awo ba.

"Da hannun wa ka yi kamun?"

"Da hannun mai aiki."

"To ni da hannun mutum na auna."

"Wannan ba hannu ba ne, sandar kaɗo mangwaro ce."

Suka dafa gwiwar hannuwansu a kan teburin aiki, suka jera su. Yatsun Dabo a tsakiyar tafin Ikrima suka tsaya. Daga nan gardama ta koma kan wanda hannunsa ne na halak. Dabo ya ce ai tun fil'azal nasa ne kamu, domin da shi aka auna filin makarantarsu kuma ba a taɓa ƙara ba. Ikrima ya ce shi ya sa yaran makarantar suke wasan ƙwallo a tsugune. Da abin ya ƙi ƙarewa suka juyo gare ni, suka ce in yi hukunci.

Na gaya musu abin da na sani. Malaman fiƙihu idan suka ambaci zira'i, wato kamu, a awon ruwa ko na tafiya, na mutum matsakaici suke nufi, wanda bai yi tsawo ba kuma bai gajarta ba. Sun sharɗanta haka ne domin galibi tsawon kowane mutum kamu huɗu ne da hannun kansa. Saboda haka Ikrima kansa ya auna a Fagam, Dabo kuma kansa ya auna a Birnin Kudu, kowannensu ya yi gaskiya, kuma babu hannun da ya cika sharaɗi a cikinsu.

"Ka ji ko? Malam ya ce hannunka ba ya cikin littafi," in ji Ikrima.

"Naka ma ba ya ciki. Shafin bai ɗauke shi ba."

"To shiga mu gani. In Malam ya yi daidai, kanka ka yi wa aiki."

Dabo ya ƙi, ya ce shi mai ƙera ne, ba mai hawa ba. Ikrima ya ɗauke masa hula, irin ƙwacen da al'ada ta halatta tsakanin taubasai, ya ɗaga ta sama inda sai da tsani, ya ce ba za ta sauko ba sai mai ita ya kwanta. Dabo ya kwanta. Makarar ta karɓe shi cif, har da ragowar ɗani ɗaya a ƙasan ƙafarsa. A daidai nan Hajiya Nasiha, uwargidan Dabo, ta leƙo da jug ɗin kunun zaƙi. Ta dubi mijinta, ta yi salati a hankali, ta ajiye jug ɗin, ta ce in sun gama jana'izar akwai abinci a ciki, ta koma.

Ikrima ya yi dariya har ta kai shi ga tari, sai da ya zauna kusa da ni ya dafe gefen cikinsa. Da numfashinsa ya daidaita, ya ce to an ga inda matsalar take, sai a yanke ƙarfen ƙasa a ƙara tsawo, aikin rabin sa'a ne ga wanda ya iya.

Dabo ya ce babu wuta. Ikrima ya nuna masa fankar da ke juyawa bisa kansu. Dabo ya ce wannan wutar ba ta jan walda, janaretonsa kuma yana tari kamar wani da ya sani. Ikrima ya ce ai da ya shigo ya tarar da shi yana walda. Dabo ya ce ƙarfen ya ƙare. Ikrima ya miƙa doguwar ƙafarsa ya taɓa tarin ƙarafa a gindin bango.

"Waɗannan fa? Rake ne?"

"Ba irinsa ba ne. Irinsa sai Kano."

"Yaushe za ka Kano?"

"Bayan kaka. In ban samu ba, bayan wata kakar. Sannan fenti sai ya sha iska shekara guda. Ku ɗauke ta haka, gajerun Fagam su yi ta amfana. Dogaye su dakata."

Ya faɗi wannan ne yana jera sukurori a gwangwani, yana sake zubewa yana sake jerawa, bai dubi kowa ba. Na san Dabo shekara ashirin, ban taɓa ganin ya bar aiki ya kwana da aibi ba. Abin da na fahimta shi ne kuskuren farko kuskure ne na gaskiya, amma yanzu da ya gan shi sai ya riƙe shi da hannu biyu, domin ba ya son ya yanka ƙarfe daidai tsawon ɗan goggonsa. Ya san sarai, kamar yadda na sani, cewa gajartar makara ba ta jinkirta wa kowa ajali da sa'a guda. Amma sanin abu daban, iya ɗaukar zarto daban.

Ikrima ya sha kununsa ya ajiye kofi. Da ya sake magana bai ce bawana ba, bai ce gajere ba.

"Dabo. In ka bar ta haka, ranar nan ko dai su lanƙwasa mini gwiwa, ko su bar ƙafafuna a waje yara suna kallo tun daga masallaci har maƙabarta. Kuma kowa zai ce aikin ɗan kawuna ne. Shekara sittin kana sa ana yi mini dariya, ban damu ba, domin ina ramawa. Wannan karon ba zan iya ramawa ba."

Fanka ta yi ta juyawa. Dabo ya rufe gwangwanin, ya mai da shi kan kanta, ya daɗe yana neman alli a wurin da allin yake a gabansa.

"Koma ka kwanta," in ji shi. "Ka miƙe sosai, kada ka yi mini ƙwange."

Ikrima ya kwanta. Dabo ya jawo ƙarfe ɗaya daga cikin waɗanda ya ce ba irinsa ba ne, ya jera shi a gefe, ya ja layi da alli daidai diddigen Ikrima, ya ƙara faɗin yatsu huɗu. Sai ya dubi yatsunsa, ya goge layin, ya kama hannun Ikrima ya ƙara da nasa yatsun.

"Zan ƙara, amma da sharaɗi, kuma Malam shaida ne. Bawa ba ya riga ubangidansa hawa abin hawa. Ni na ƙera, ni ɗan namiji ne, ni zan fara. Kai sai ka bi layi."

Ikrima ya dubi rufi, sannan kafaɗunsa suka fara rawa don dariya a cikin makarar.

"Na yarda, ubangida. Amma na san nawarka. Ɗaurin aurenka ma sai da aka jira ka."

"To sai ka yi ta jira."

"In Allah ya yarda."

"In Allah ya yarda," in ji Dabo, ya sa baƙin gilashinsa tun kafin ya kunna inji.

Ikrima ya tashi ya zaro kwalbar man shanu daga jakarsa ya ajiye bisa tebur, ya ce a riƙa shafa wa hedimasta a hannu safe da yamma, ko Allah zai sa ya miƙe. Dabo ya amsa daga bayan gilashi cewa ya karɓa, amma janareto zai zuba wa.

Aka kira La'asar ƙarfen bai gama hucewa ba. Bayan mun idar, Ikrima ya dage sai ya kama gefe ɗaya ko zuwa bakin titi ne, inda za a sami mai baro. Suka fita da ita, koriya da baƙin ƙari marar fenti a wajen ƙafa, gajeren a gaba, dogon a baya, ta karkace tana neman zamewa, kowannensu yana gaya wa mutanen unguwa cewa ɗayan ne bai iya ɗauka ba.